Wa Ya Rubuta Wa Kura Halinta?

A damunar 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da mu a gida har wata takwas, na koma garinmu a ƙasar Kiru da wani wasa da na koya wurin abokan karatu a Kano. A zaune ake yin sa, da takarda da fensir da ƙwayar ludo. Mutum ɗaya ke jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda ya shiga rigarsa, ya riƙa faɗin abin da zai aikata. Idan aikin yana da haɗari, sai a jefa ƙwaya ta yanke hukunci. Mafi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar maƙwabtanmu Bebeji.

Kafin a fara, kowane ɗan wasa yakan zaɓi jinsin da jaruminsa ya fito. Da yake ƙannena ba su san halittun tatsuniyoyin Turai ba, sai na musanya su da namu. Na tsara mutane, da aljanu, da 'yan ruwa mazauna ƙarƙashin Tiga, da zuriyar Gizo, da kurayen dajin Falgore masu magana da tafiya da ƙafa biyu. Kowane jinsi na yanka masa kati, na rubuta makinsa. A katin kura na ƙara maki biyu a ƙarfi, na rage biyu a hankali, sannan a ƙasa na rubuta halinta: haɗama da cin amana. Ban ɗauki minti ɗaya ina tunani ba, domin haka na tashi ina jin ta a bakin kakata.

Katin ya faɗa hannun wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya daga rugar da ke bayan garinmu, abokin karatun allon ƙanena. A dare na uku, akuyar ayarin ta ɓace a cikin labarin. Nan take ƙanena ya nuna shi ya ce, "Kura ce ta cinye, ai a rubuce yake." Alhali a daren jiya kurar nan ce ta goya jarumin ƙanena da ya ji rauni ta haye da shi rafi. Yaron ya ajiye fensirinsa, ya dube ni ya ce, "Yaya, in komai na yi ɓarawo ne ni, to me ya sa zan yi wasan?" Washegari bai zo ba.

Tambayarsa ta dame ni saboda na san inda ta fito. Ni kaina jinin Ba'awa ne, ɗaya daga zuriyoyin Fulanin Kano, ko da yake ban taɓa tatsar saniya ba kuma ba na jin Fulatanci. Na sha zama a motar haya kan hanyar Jos, in an shiga Falgore bayan Tudun Wada, ina jin fasinjoji suna ɗora laifin 'yan bindiga kan duk mai riƙe da sandar kiwo. Na ji yadda ake ambaton Maguzawan ƙauyukanmu da sigar raini, na kuma ga an hana saurayi mata don kawai kakansa mahauci ne. Abin da na rubuta a katin nan da fensir, shi ne abin da jama'a ke rubutawa a goshin mutane da harshe.

Masu wasan na asali ma sun faɗa wannan ramin. Yawancin jinsunansu sun samo su ne daga littattafan J.R.R. Tolkien, musamman The Lord of the Rings na 1954 zuwa 1955, inda dodannin da ake kira Orc suke zama rundunar mugunta. Shi kansa Tolkien, a rubuce-rubucensa na baya, ya yi ta kai-komo kan ko zai yiwu halitta mai hankali da magana ta kasance ba ta da hanyar shiriya ko kaɗan. Wasan kuwa ya ɗauki siffar ya mai da ita lissafi. A wani littafin dokoki na 2016, duk wanda ya zaɓi Orc ana rage masa maki biyu a hankali tun kafin ya buɗe baki. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai mallakar wasan, ya amsa cewa yadda aka siffanta wasu jinsunan yana kama da yadda ake ƙasƙanta al'ummomi na zahiri, ya kuma ba 'yan wasa damar sauya wa makin wuri. A bugun 2024 an ɗauke makin daga jinsi gaba ɗaya, aka danganta shi da tashin jarumi da sana'arsa.

Akwai masu ganin wannan gyara ɓarna ce, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa daɗin wasan yana cikin bambanci, in aka goge shi kowa ya zama mutum sanye da rigar aro. Hausawa ma sun ce hali zanen dutse, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gizon da ba shi da wayo ba Gizo ba ne. Tatsuniya ta shekara ɗaruruwa tana kiran kura mai haɗama, ba wanda ya kai ƙara. Me zai sa a tsananta wa wasa?

Na daɗe kafin in gane inda bambancin yake. Kurar tatsuniya kura ɗaya ce, madubin wani aibi da ke cikin kowannenmu, kuma mai sauraro yana kallon ta daga waje. Kurar wasa al'umma ce mai yara da tsofaffi, kuma akwai yaron da ke zaune a cikin fatarta yana cewa "ni". Daga lokacin da aka miƙa wa mutum jinsi aka ce ya zaɓi abin da zai aikata, an riga an yarda cewa wannan jinsi yana da zaɓi. Rubuta masa mugunta a jini bayan haka warware maganar farko ne.

Wasan barkwanci ma ya koya mini wani abu. Bafulatani da Babarbare suna jifan juna da baƙaƙen siffofi, haka Bagobiri da Bayarabe, a rabu ana dariya. Abin da ya sa bai zama gaba ba shi ne kowa yana da bakin ramawa, kuma duka biyun sun san wasa ne. Dokar da ke kan kati ba ta da abokin wasa. Lamba ce, ba a mayar mata da martani, kuma alƙalin teburin ne ya rubuta ta.

Addinin da aka rene ni a kai ya riga ya raba wannan gardama. Aljanu daga wuta aka halicce su, jikinsu ba irin namu ba ne, amma Alƙur'ani ya bayyana cewa a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Ɗan Annabi Nuhu ya ƙi shiga jirgi, Annabi Ibrahim kuwa a gidan masu gumaka ya tashi. Karin maganar da ta dace da nan ita ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Idan halittar wuta tana da zaɓi, ban ga dalilin da zai sa ni, da fensirina, in hana kura ba.

Daga nan na fitar wa kaina ƙa'idoji uku. Ta farko, jiki yana iya bambanta, kuma ya kamata ya bambanta sosai. Kura ta gani cikin duhu, ta fasa ƙashi da haƙori. Ɗan ruwa ya yi numfashi a ƙasan tafki, ya galabaita in ya daɗe a rana. Waɗannan kyauta ce da nauyi da ke sa wasa daɗi, ba sa cewa wane ya fi wane daraja. Hankali da amana kuwa ba na taɓa su.

Ta biyu, al'ada daban, jini daban. Jinsi ɗaya ya sami garuruwa da yawa masu saɓanin ra'ayi, kamar yadda Bakano ɗan kasuwar Kurmi da mai haƙar kuza a Riruwai suke Hausa ɗaya amma rayuwa biyu. A rubuta kowace al'ada yadda masu ita suke ganin ta: me suke alfahari da shi, me suke tsoro, yaya suke binne mamacinsu. Ɗan kura da ya tashi a hannun maƙera ya iya ƙira.

Ta uku, gurbin hali a bar shi fari, ɗan wasa ne zai cike shi da ayyukansa. Wannan bai hana mugaye a labari ba. Sai dai mugu ya zama mugu saboda abin da ya aikata da dalilin da ya kai shi, kuma ya kasance akwai ɗan'uwansa na jini da ya ƙi bin sa.

Na goge katin na sake rubutawa, na tafi rugar da kaina na nuna wa yaron. Ya daɗe yana duban gurbin da na bari fari, sannan ya ce zai dawo, kuma kurar yake so. Makonni bayan haka, ayarin ya maƙale a jeji da yunwa, sai kurarsa ta saci tunkiyar wani attajiri ta raba wa kowa naman. Ƙannena suka kwashe kusan awa guda suna musu ko ta kyauta ko ba ta kyauta ba, wasu na cewa lalura ce, wasu na cewa sai an biya mai ita. A duk tsawon musun ba wanda ya ce a rubuce yake. A ƙarshe suka yanke cewa ayarin duka zai biya kuɗin tunkiyar, tunda kowa ya ci.