Idon Ƙuda

Bayan an idar da sallar asuba ƙwari ba su gama farfaɗowa ba. Jikin yawancinsu ba ya ɗumama kansa, sai rana ta taɓa su. Shi ya sa masu ɗaukar hotonsu daf da daf suke sammako, tun ƙuda yana lafe a kan ganye, raɓa ta jiƙa masa fukafukai. Mu mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu, ƙasar ruwa da ciyawa, ba ma rasa su. Mahauci a kasuwar Gariki ta Inugu, ko mai albasa a bakin gadar Anacha, yini yake yana korarsu, bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba.

Yanzu ɗan gilashin nan da ake maƙala wa kyamarar waya ma ya isa. Ka matso har ya rage 'yan santimita. Ka kare fitilar wayar da farar takarda don kada haske ya yi ƙyalli a jikin ƙudan. Ka dafe gwiwar hannu, ka riƙe numfashi, ka yi gaba kaɗan, baya kaɗan, har idon ya fito tas. Subhanallahi! Ashe jan ɗigon nan ƙananan idanu ne wajen 4,000 a kowane gefe, an jera su reras kamar saƙar zuma, kuma ga shi yana goge su da ƙafafunsa na gaba. Tun 1665 Robert Hooke ya zana kan wani ƙuda a littafinsa Micrographia, mutanen Landan suka riƙe baki.

Amma ga inda nake so mu daɗe. Idan idon ya fito, fukafukai sun dushe. Idan ka nemi fukafukai, ido ya ɓace. A irin wannan kusanci, abin da kyamara ke iya fitarwa sarai sau da yawa bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Levon Biss, wanda aka baje hotunansa a Oxford ta Ingila a 2016, sai ya haɗa hotuna 8,000 ko fiye kafin ya samu ƙwaro guda cikakke, shi ma matacce, wanda ba ya motsi. Wanda Ya halicce shi kuwa Yana ganinsa gaba ɗaya, ciki da waje, yana tsakar tashi. Ba banza ba surori uku na Alƙur'ani suke ɗauke da sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo, kuma a Suratul Hajji da ƙuda aka buga misalin gazawar duk abin da ake bauta wa koma bayan Allah.

Ɗan'uwa, na san zaman baƙunta. Kana gyaran takalmi ko tura baro, mutane suna ganin rigarka da hularka, su wuce. Kamar kyamarar nan, yanki ɗaya suka gani, kuma abin yana da ciwo. To, mu ma yanki nawa muka gani na maƙwabcinmu Ibo ko Ikwerre kafin mu yanke masa hukunci? Mun san bashin da ya hana shi barci, ko ɗansa da ke kwance a asibiti?

Ya Allah, Ka ba mu haƙurin matsowa kusa da bayinKa yau, Ka tsare harsunanmu a kan abin da idonmu bai kai gare shi ba, Ka sa albarka a kasuwarmu da tasu. Amin.