Awa 15,000 a Jikin Kwali

Cikin watan Afrilun bara na sayi ƙwan lantarki irin na LED guda biyu a kasuwar Daura, iri ɗaya, kuɗi ɗaya. A jikin kwalin an rubuta cewa kowanne zai yi awa 15,000 yana ci. In ana kunna shi awa 5 kowane dare, ya kamata ya haura shekara 8 ke nan. Ɗaya na rataya a zaure, inda iska ke shiga ta ƙofa biyu. Ɗayan na sa a ɗaki mai rufin kwano, cikin murfin gilas, don ya yi kyau. Na zaure yana nan har yau. Na ɗaki kuwa damina ba ta ƙare ba ya fara ƙiftawa, sai wata rana bayan magariba ya ɗauke.

Na kai wa wani mai gyaran rediyo a unguwarmu. Ya ɓalle kan, ya nuna mini wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, bakinsa ya kumbura. Ya ce, "Malam, ƙwanka lafiya lau yake, kafasita ce ta dahu." Ita ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan, kuma akwai ruwan sinadari a cikinta wanda zafi ke busarwa. Masana lantarki na lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanakinta. A ɗaki mai sanyi ake gwada ƙwan, wajen digiri 25. Mu kuwa daga Daura har Mai'adua da Ɓaure, bazara kan haura 40, balle ƙarƙashin kwano. Ga kuma wutar janareta mai hawa da sauka.

Ban ga laifin kwalin ba wajen cin wuta. Ƙwan kirki mai wat 9 yana ba da hasken tsohon nan mai wat 60, kuma mai shayin da ke haska teburinsa da batir shaida ne. Abin da ke damuna shi ne ba a faɗa wa mai saye cewa awannin nan da sharaɗi suke. Talaka ya biya kuɗin shekara 8, ya mori wata 5.

Da na sayo wani, sai na cire murfin gilas ɗin, na sauko da wayar nesa da kwano kamar kamu biyu.