Kurkukun da Ya Fi Fadar Sarki Faɗi

Idan aka ce kurkuku, yawancinmu ɗan ɗaki muke gani a ranmu: bango huɗu, ƙofar ƙarfe, 'yar taga can sama, gandiroba da makullai a ƙugu. A saninmu ƙunci shi ne kurkuku. To akwai wani mutumin Italiya da ya zana kurkuku iri dabam sama da shekara 270 da suka wuce, kuma ina so mu duba zanen nasa tare, ni da kai ɗan'uwa da ke zaune a ƙasar wasu, da ke 'yar'uwa da ke gida kina jiran saƙonsa.

Sunansa Giovanni Battista Piranesi. An haife shi a 1720 a ƙasar Benis, garin nan da aka gina a kan ruwa. Babansa mai sassaƙa dutse ne, kawunsa Matteo Lucchesi kuma injiniya ne a hukumar da ke kula da ruwan garin, kuma a wurinsa yaron ya koyi zanen gini. A 1740 ya bi tawagar jakadan Benis zuwa Roma, yana ɗan shekara 20, da burin ya gina manyan gine-gine. Bai samu ba. Masu kuɗin Roma na lokacin ba su ba baƙon yaro aikin gini ba. Sai ya koyi zane a kan farantin jan ƙarfe a wurin wani gwani, Giuseppe Vasi, ya shiga zana kufan tsohuwar Roma yana sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido, musamman 'ya'yan attajiran Ingila. Amma ya ci gaba da sa hannu a ayyukansa da sunan mai zanen gini ɗan Benis. Wanda ya taɓa ganin injiniya yana tuƙa tasi a Amurka, ko likita tana wa tsofaffi wanka a Ingila tana jiran lasisi, ya san wannan sa hannun.

Ga yadda ake aikin. Za a shafe farantin da wani irin kaki, mai zane ya ɗauki allura ya yi ta jan layi yana kankare kakin. Sai a tsoma farantin a ruwan asid, asid ɗin ya ci ƙarfen a inda allura ta bi kaɗai. A wanke, a cusa tawada cikin layukan, a danna takarda a kai da injin matsewa. Faranti ɗaya zai ba da hoto da yawa. Ka riƙe abu ɗaya a nan, za mu dawo kansa: ƙara layi a faranti abu ne mai sauƙi, goge wanda asid ya riga ya ci shi ne jan aiki.

Wajen 1750 ya fitar da hotuna 14 na kurkukun da babu su a duniya, daga kansa ya ƙago su. Ana kiransu Carceri, kuma in ka rubuta sunan a intanet za ka gan su. Duba da kyau. Ginin ya fi duk wata fada da ka sani girma. Bakuna na dutse kan bakuna, sun yi sama har ido ya gaji. Gadoji sun ratsa sararin, igiyoyi da sarƙoƙi na reto, fitilu a rataye. Matakala kuwa ko'ina: wannan ta hau ta haɗu da gada, gadar ta kai ga wata matakala, waccan ta lanƙwasa ta ɓace a bayan ginshiƙi. Mutanen ciki ƙanana ne kamar tururuwa, da yawansu a sake suke, suna hawa, suna tsaye a kan gada suna nuna wani abu da hannu. Ka bi kowace matakala da yatsa, ba za ta kai ka waje ba.

A 1761 ya sake fitar da su, sun zama 16. Tsofaffin farantan ya koma wa, ya ƙara musu layi, ya ƙara duhu, ya ƙara matakala da sarƙoƙi da kayan azaba. Shekara 11 ta wuce, mutumin ya yi suna, ya yi aure, ya samu kuɗi, amma da ya koma kan kurkukunsa, ƙara masa hawa ya yi.

Wani marubucin Ingila, Thomas De Quincey, ya yaɗa labari a 1821 cewa a cikin magagin zazzaɓi Piranesi ya ga waɗannan wurare. Ni dai na yi jinyar masu zazzaɓi da yawa, kuma hannun da ya ja waɗannan layuka hannun mai cikakken hankali ne da ya san lissafin gini. Ya san inda ya karya ƙa'ida, da gangan ya karya ta.

To me ya mai da wurin kurkuku, tunda ga faɗi, ga iska, ga damar tafiya? Aikin asibiti ya koya mini amsar. Mara lafiya yana iya jure ciwo mai tsanani in ya san ranar ƙarewarsa. Ka ce masa allurar nan ta kwana 7 ce, zai cije ya ƙirga. Wanda ke karaya shi ne wanda kullum ake ce wa sai mun ga sakamakon gwaji na gaba. Tambayar da na fi ji a bakin gado ita ce, "Sista, yaushe za a sallame ni?" Rashin ranar sallama ya fi ciwon kansa cin mutum. Kurkukun Piranesi wuri ne da ba a sa wa kowa ranar sallama ba.

Yanzu dubi rayuwarmu. Ka fito da niyyar shekara biyu, ka tara jari ka koma. Sai aka ce bari takardar zama ta fito. Ta fito, sai a kawo iyali. Sun zo, sai yara su gama makaranta. Can gida an sayi fili, an sa harsashi, an kai linta, sai aka ce ai gara a yi bene tunda wane ma bene ya yi. Ga auren ƙanwa, ga kujerar Makka, ga jarin ƙane da ya karye karo na biyu. Kowace matakala gaskiya ce, ba wadda za ka ce ta banza ce. Kana karɓar aikin dare a kan na rana, hawan jini ya kama ka, kana shan magani a tsaye. Ba wanda ya kulle ka, fasfo ɗinka na aljihunka. Amma yaushe rabonka da ka tambayi kanka ina saman benen yake?

Na san abin da za ka ce, kuma da gaskiyarka. Za ka ce wannan maganar mai ƙoshi ce. Kuɗin da kake turawa shi ne abincin gida, shi ne kuɗin makaranta, shi ne maganin Inna. Zumunci wajibi ne, kuma wanda Allah ya ɗaga ba ya ce wa na ƙasa ya gaji. Ban ce ka daina hawa ba. Hawa da niyya ibada ce. Abin da nake tsoro shi ne hawan da ba a taɓa zama an yanke masa iyaka ba, har mutum ya manta dalilin fitowarsa, ya zama hawan ne kawai ya rage. Wadatar zuci da malamai ke faɗa tana da lissafi a cikinta: mutum ya san adadin da in ya kai zai ce alhamdu lillahi, ya isa.

Ku kuma na gida, Yaya, Baba, Goggo, ku tuna da farantin nan. Kowace buƙata layi ɗaya ce, mai sauƙin ja. Wanda ya ja ba ya ganin sauran layukan da wasu suka ja, shi nasa kaɗai ya sani. Amma duk a faranti ɗaya suke sauka, kuma abin da ya ci jikin mutum ba ya gogewa da sauƙi. Kafin ku kira, ku tambayi juna wa ya riga ya kira a watan nan. Wani lokacin ku kira don gaisuwa kawai, ku ajiye waya ba ku nemi komai ba.

Shi Piranesi fa, ya ya ƙare? Tun a littafinsa na farko a 1743 ya bayyana cewa tunda ba ya sa ran a ba shi gini, zai fitar da abin da ke kansa a takarda. Bai zauna jiran ranar da za a kira shi magini ba, ya kama abin da ke hannunsa ya yi shi da kyau, har ya bar faranti wajen 1,000. Aikin gini na gaske da ya kammala guda ɗaya ne: gyaran wani ƙaramin coci, Santa Maria del Priorato, a kan tudun Aventino, daga 1764 zuwa 1766, yana da shekara 40 da 'yan kai. Ya rasu a Roma a 1778, kuma a cikin wannan cocin kabarinsa yake. Mutumin da ya zana dakunan da ba su da iyaka, ƙaramin gini ɗaya ya gama, kuma ya ishe shi makwanci.

Shawarata ƙarama ce. A daren da ba ka da aiki, ka zauna da matarka, ko ke da mijinki, ku ɗauki biro da takarda. Ku rubuta abin da ya fito da ku. Ku rubuta abin da ya rage, da kuɗinsa, da shekarar da kuke fatan gamawa in Allah ya kai mu. Gidan can, ku yanke ɗaki nawa ne, ku gaya wa mai kula da ginin cewa daga nan ba ƙari. Sannan ku sanar da 'yan'uwa cikin ladabi abin da za ku iya duk wata, da abin da ya fi ƙarfinku. Wataƙila a yi fushi na ɗan lokaci. Lissafin ma yana iya canzawa, don bawa yana nasa Allah yana nasa. Amma ko mara lafiyar da aka ɗaga masa ranar sallama ya fi wanda ba a taɓa sa masa rana ba samun barci.

Allah ya sa mu gama lafiya, ya mai da kowa gida da ƙafarsa.