Ɗalibin Adar Tsakanin Nema da Karatu: Mene Ne Dogaro da Kai?

Tun daga 2010, lokacin da aka buɗe jami'a a birnin Tawa, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Farfesa Djibo Hamani, ɗan manomi daga ƙauyukan Bambeye ba sai ya kai Yamai ba kafin ya yi karatu mai zurfi. Tafiya ta ragu, amma ɗawainiya tana nan. Ga hayar ɗaki, ga ruwan garwa, ga kuɗin kabu-kabu da na buga takardu, ga ciki da ba a ba shi haƙuri. Bursin gwamnati ba kowa yake samu ba, wanda ya samu ma yakan jira shi har ya gaji. Dole matasa suke haɗa karatu da nema: wannan ya ja babur da yamma, wancan ya tsare shagon cajin waya, wata ta koyar da 'ya'yan masu hali a gida. Burin da yawansu shi ne a ce wane ya tsaya da ƙafafunsa, ba ya karɓar komai wurin kowa. Ni kuwa ina ganin burin nan ya zarce abin da addini ya nema. Musulunci ya umarci matashi ya tsare kansa daga roƙo, ya zama mai ɗaukar nauyi, amma bai umarce shi ya juya baya ga hannun da ke tallafa masa ba. Ɗalibin da ya yi haka, karatunsa ne yake fara shan wahala.

Mu fara da hujjar masu cewa kowa ya nemi na kansa, domin tana da ƙarfi. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantar da ita a zaurukan Adar ta littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, wajibcin ciyar da ɗa namiji yana sauka daga kan uba idan ɗan ya balaga yana da lafiyar nema. 'Ya mace kuwa tana wuyan uba har ta tare a ɗakin miji. Daga nan ma nauyin yakan juya, ɗan da yake da hali ya ciyar da iyayensa idan talakawa ne. Hadisi ya fifita mai yin itace ya ɗauko a bayansa ya sayar a kan mai bin mutane yana roƙo, ya kuma yabi Annabi Dawuda, alaihis salam, da cewa daga aikin hannunsa yake ci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, ana ruwaito cewa igiya yake tuƙawa a sayar ya ci abinci. Saboda haka ɗalibin da ya cire rigar lakwal ya kwaɓa siminti a ranar hutu bai zubar da mutuncinsa ba, sunna ya bi. Wanda ya raina shi, shi ne bai san addini ba.

Sai dai hukuncin ciyarwa yana bayyana iyakar abin da alƙali zai tilasta wa uba ne, bai ce kyautatawa ta tsaya nan ba. Idan muka duba yadda magabata suka nemi ilimi, za mu ga da wuya mutum ya kai gaci shi kaɗai. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana zaune a wajen garin Madina, sai suka raba kwana da wani maƙwabcinsa mutumin Ansar: yau ɗaya ya je majalisar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ɗaya ya tsaya kan harkokinsa, gobe su sauya, wanda ya je ya kawo wa ɗan'uwansa abin da ya ji. Bukhari ya kawo labarin a cikin babukan ilimi. Abu Yusuf, wanda ya zama babban alƙalin daula zamanin Haruna Rashid, ɗan talakawa ne da neman abinci ya so ya raba shi da darasi, har malaminsa Abu Hanifa, wanda fataucin tufafi yake yi, ya riƙa ba shi kuɗi don ya zauna ya yi karatu. Babu wanda ya taɓa kiran Abu Yusuf maroƙi. Bambancin a fili yake: maroƙi yana karɓa ne ya huta da aiki, ɗalibin kirki kuwa yana karɓa ne ya yi wani aiki mai nauyi wanda amfaninsa zai dawo kan jama'a.

Ƙasar Adar ta san wannan tsari tun kafin lakwal ta zo. Saurayi yakan yi noman gandu tare da mahaifinsa da 'yan'uwansa, a ci daga rumbu ɗaya, sannan a yanka masa gayauna tasa, ya noma ta a ranakun da aka ware, abin da ya samu nasa ne, ya yi sutura ko ya tara na aure. Yana da abin kansa, amma bai fita daga gida ba. Ko ci-rani, wanda aka san mutanen Adar da shi daga Abijan zuwa Libiya, idan aka duba shi da kyau ba tafiyar mutum ɗaya ba ce. Wani yaya ne ya aiko kuɗin mota, wani ɗan gari ne ya ba da masauki, wani kawu ne ya ba da jarin farko. Attajirin da ya dawo ya gina gidan siminti a ƙauye ya kwana a tabarmar wani kafin ya kai haka. To me zai sa a ce ɗalibi shi kaɗai ne zai biya haya, ya ciyar da kansa, ya kuma ci jarrabawa, ba tare da buhun gero daga gida ba?

Lissafin lokaci ma bai yarda ba. Karatu yana farawa wajen watan Oktoba, daidai lokacin da ake gama girbi samari suna ɗaure kayan ci-rani. Hutun damina ya dace da noma, ɗalibi zai iya komawa Bambeye ya riƙe hauya ya saka wa gida da ƙarfinsa. Amma a watannin karatu, duk sa'ar da aka ba babur an ɗauke ta ne daga littafi ko daga barci. Wanda ya kama ɗaki shi kaɗai don a ce ya isa, kuɗin haya zai tilasta masa ƙara aiki, ƙarin aiki ya jawo fashin darasi, fashi ya jawo maimaita aji, shekarar da aka maimaita kuma ita ma sai an biya mata haya. Wanda ya haɗu da abokai uku a ɗaki ɗaya, suka haɗa tukunya, suka raba kwanan girki da kwashe darasi, kuɗin da yake bukata kaɗan ne, aikin da zai yi ma kaɗan ne. Ma'aunin aikin ɗalibi ke nan: ya kai ya hana shi roƙo, kada ya kai ya hana shi zama aji.

Za a ce taimako yana kashe zuciya, kuma mai ba ka abinci yana da iko da kai. Wannan gaskiya ce, kuma 'yan mata sun fi kowa saninta. Yarinyar da aka kawo birni karatu aka ajiye gidan dangi, sau da yawa ita ce mai wanke-wanke da raino, ba ta buɗe littafi sai kowa ya kwanta. Amma laifin na mai masauki ne da ya mayar da amana bauta, kuma Alƙur'ani ya yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Gyaran shi ne iyaye su yi magana a fili tun ranar da suka kawo ta, su aiko da nasu kason na hatsi, a san lokacin aiki da lokacin karatu. Mutuwar zuciya kuwa tana kama wanda yake karɓa ba a tambayarsa sakamako. Ɗalibin da ya san zai kai takardar jarrabawarsa gaban wanda ya sayar da akuya dominsa, zuciyarsa ba za ta kwanta ba.

Za a kuma ce ai ga masu digiri nan suna zaman fada ba aiki, alhali sa'ansu da ya tafi Abijan ya yi aure ya aiko da kuɗi. Ba zan ce kowane digiri yana kawo albashi ba. Amma arzikin ci-rani a ƙasar wasu yake, kuma an ga abin da ya faru a 2011, lokacin da yaƙin Libiya ya koro 'yan Nijar masu ɗimbin yawa, da dama daga jihar Tawa, suka dawo hannu rabbana. Gidan da duk 'ya'yansa suka tafi nema ya dogara da hanya ɗaya. Ƙauyukan Adar kuma suna bukatar ungozoma da malamin lissafi da mai sanin dokar ƙasa idan rikicin gona ya tashi. Ilimin da jama'a ba ta iya rayuwa sai da shi farilla ce ta kifaya, kuma idan farilla tana kan gari duka, bai dace a bar kuɗinta a wuyan yaro ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya nauyi ne a kan ɓangarori biyu. Ɗalibi ya yi sana'a ba tare da jin kunya ba, ya rage buri, ya koma gona da damina, ya riƙe abin da aka ba shi a matsayin bashin da zai biya ta hanyar ɗaukar ƙanensa gobe. Iyaye da 'yan ci-rani da masu fitar da zakka kuma su san ɗalibi matalauci yana cikin waɗanda suka cancanta, kada su jira sai ya buɗe baki. Ƙungiyoyin 'yan gari da suke tara kuɗi a Abijan don gina masallaci suna iya kama gida ɗaya a Tawa su zaunar da 'ya'yan ƙauyensu. Matashin da aka riƙe haka zai kai ga cin gashin kansa cikin shekaru kaɗan, da takarda a hannu da sana'a, kuma zai san su wa suke bin sa bashin ɗawainiya.