Adashin Kayan Ɗaki Ko Na Karatu?

'Yar uwa, tun yarinya tana goye muke fara tara mata kwalla da samira. To wa yake zuba mata adashin jami'a?

Ana cewa karatu kyauta ne a jami'o'in tarayya irin su Bayero da Ahmadu Bello. Kuɗin koyarwa kawai aka ɗauke. Rajista, ɗakin kwana, littattafai, abinci da kuɗin mota duk suna wuyan iyaye, ga shi a 2023 jami'o'i da dama sun ƙara kuɗin rajista.

Tallafin karatu na jiha ko na PTDF ba a biyansa, amma ba kowa yake dacewa ba. Shi kuwa NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a 2024, bashi ne. Babu kuɗin ruwa, amma za a fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa.

Yanzu fisabilillahi adalci ne mu cika mata ɗaki da kwanuka, ta tare da bashi a ka? Ban ce a kai amarya ɗaki wayam ba. Amma idan zubi ya zo, a raba shi biyu. Hakkinta ne, kuma za a tambaye mu. Allah ya ba mu ikon saukewa, amin.