Ajali ne ko nisan hanya?

Idan mace ta rasu da ciwon daji a wani ƙauyen Kornaka, ko a wata ruga ta kwarin Tarka, magana ɗaya ake yi wajen gaisuwar mutuwa: kwana ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai ja da ita. Amma akwai tambayar da ta'aziyya ba ta amsawa, wadda ya kamata a yi bayan an watse: shin abin da ya riski baiwar Allar nan ajali ne kaɗai, ko kuwa da hannun ƴan Adam a ciki?

Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne suka fi addabar matan Nijar, kuma duka biyu suna jin magani idan an tare su da wuri. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu sankarar mama suna nan da rai shekara biyar bayan an gano ciwon. A Afirka ta Kudu kuwa kashi 40 ne. Ciwon ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne ranar da aka gan shi da hannun da ya karɓe shi.

Mai karatu ya bi sawun matar da ta ji ƙullutu a ƙirjinta. Ƙullutun ba ya zafi, don haka sai ta yi shiru, ga kunya, ga aikin gona. In ya girma ta tafi ɗakin shan magani na ƙauye, inda za a ba ta ƙwaya a ce ta koma. Daga nan sai asibitin gunduma a Dakoro, wataƙila a kan amalanke. Daga Dakoro a tura ta Maradi, tafiyar da ta haura kilomita 100. In ana bukatar gashi da na'ura, sai Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maradi. Kowane zango yana cin kuɗin mota, yana cin akuya ko damin hatsi, yana kuma cin watanni, waɗanda su ne jarin mai wannan ciwo. Har sai an jira kaka, an sayar da wake, kafin a ɗaga.

A nan ne na saba da masu ɗora laifi kan jahilci. Sau da yawa mu ƴan boko muna cewa mutanen karkara sun fi son boka da likita. To, boka yana bayan gida, yana jin harshenta, yana karɓar kaza ko ya yi lamuni. Wanda ya zaɓi na kusa saboda na nesa ya fi ƙarfinsa, lissafi ya yi, kuma lissafin talaka ba wauta ba ne. Ba na wanke masu tsaga ƙari da aska suna ɓata wa mutane lokaci. Laifinsu yana wuyansu. Amma zargin marar lafiya hanya ce mai sauƙi ta sauke nauyi daga kanmu.

Ba a ce hukuma ba ta yi kome ba. A 2007 an ayyana cewa maganin sankarar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati. A 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a ƙasar, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Abin lura, ƙasar da ta fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971 sai da ta yi shekara 50 kafin ta samu na'urar gashi don marasa lafiyarta. Sai dai kyautar da aka ajiye a Yamai, ga mutumin Dakoro tana da farashi. Doka ta daidaita ƴan ƙasa a takarda, hanya ta raba su. Wurin haihuwa kuwa ba wanda ya zaɓa wa kansa, saboda haka bai kamata ya zama hukunci ba. Abin da Allah ya ƙaddara daban, inda aka gina asibiti da inda aka tura ungozoma daban. Na biyun mutane ne suka zauna suka yanke, kuma su za a tambaya.

Ba kowace gunduma za ta samu na'urar gashi ba. Amma gano ciwo da wuri bai bukatar wannan. Ana duba bakin mahaifa da ruwan tsami irin na binegar da fitila, ungozoma da aka horar tana iyawa cikin ƴan mintoci. Ana koya wa mace lalube mamanta da hannunta. Bayanin nan, in da faransanci aka rubuta shi a bangon asibiti, bai kai ko ƙofar gari ba. Sai an faɗe shi da Hausa, da Fulatanci, da Tamajak, a rediyon karkara da wurin biki, da kalmomin da uwa za ta iya maimaita wa ɗiyarta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Samo waɗannan kalmomi aikin malaman harshe ne da ƙungiyoyin al'adu, kuma har yanzu ba mu zauna da ungozomomi mun yi shi ba.