Zumunta a Ƙafa Take

Ya ɗan'uwa mai karatu, a kakar bara wani ya kawo damin gero domin mai bisharar ƙauyenku. Wata tsohuwa ta kawo tiya biyu ta wake. Wani ɗanku da ke aiki a Maraɗi ya aiko da jika biyar domin rufin majami'a. To, tun daga ran nan, wa ya koma wurinsu? Ko kuwa sai buƙata ta sake tasowa za a tuna da ƙofar gidansu?

Mai bayarwa ba rumbu ba ne da akan buɗe sai ran yunwa. Abokin aiki ne cikin bishara. Idan ya ga hannunsa kaɗai ake so, zuciyarsa za ta yi sanyi, aikin Ubangiji kuwa ya tsaya a hanya.

Ka duba Manzo Bulus da ikilisiyar Filibi. A gidan Lidiya mai sayar da shunayya ya sauka da fari. Da ya wuce Tasalonika, suka aika masa da gudummawa, ba sau ɗaya ba. Bayan shekara wajen 10, yana cikin kurkuku, suka sake aiko da Abafroditus da kyauta. Me ya riƙe wannan zumunci? Karanta Filibiyawa sura 1 da ta 4, za ka ga abu uku.

Na fari, ya yi godiya. Ya sanar da su saƙonsu ya iso. Yaba kyauta tukwici.

Na biyu, ya ba su labarin aikin, mai daɗi da marar daɗi, har da sarƙoƙinsa.

Na uku, yana yi musu addu'a kullum. Ya fi murna da amfanin da za su samu gaban Allah bisa kyautar kanta.

Akwai na huɗu cikin 2 Korantiyawa sura 8. Sa'ad da ake tara taimako domin matalautan Urushalima, Bulus ya aiki Titus tare da waɗansu 'yan'uwa biyu, domin kada a sami abin zargi. Haka ku ma. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko, a rubuta a littafi, a karanta gaban jama'a. Abin da aka bayar domin rijiya, kada a sayi keke da shi. Zargi ɗaya yakan rushe amanar shekara da shekaru.

Asibitin Galmi, tun da aka buɗe shi a 1950, yana aiki har wa yau. Kyautar rana ɗaya ba ta iya riƙe irin wannan aiki, sai masu bayarwa da suka daɗe suna tsaye. Haka aikin ƙauyenku yake.

In kai ne mai bayarwa, tiya ɗaya kowace kaka ta fi buhun da aka yi alkawari ba a cika ba. Ka koya wa 'ya'yanka, su ɗauki baikon da hannunsu.

In kai dattijo ne ko mai bishara, a makon nan ka je gidan wanda ya taimaka. Kada ka roƙi kome. Ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da geronsa ya yi, ku durƙusa ku gode wa Yesu Almasihu, wanda ya fara ba da kansa dominmu. Allah ya taimake mu. Amin.